Jar Fatar da Isufu Ya Ɗinka wa Motar Alassan

Isufu Baduku ya rasu a Tanda, wani gari kusa da Gaya, cikin daminar bana. A wurin gaisuwa na ji ana cewa Allah ya ji ƙan mai gyaran takalma, ba wanda ya ƙara komai a kai. Raina ya ɓaci, domin na yi maƙwabtaka da shi a Gaya shekaru masu yawa, na kuwa san abin da hannunsa ya iya.

Gadon gidansu ɗinkin sirdi ne. Ubansa ya koya masa zaɓen fatar akuya, da rina ta ja da karan dafi, da jan basilla har ɗinki ya jeru kamar ƙwayar masara. Amma lokacin da ya taso Gaya da matarsa Hajjo, dawaki sun ragu. Manyan motoci ne suka cika gari, suna ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kutunu su hayo gadar Malanbil da ke kan kogin iyaka. Kujerunsu duk a yage, direbobi kuma sai su kai su ƙetaren kogi a lulluɓe da roba mai ƙona cinya. Isufu ya sha ce musu zai yi musu da fata. Sai su yi dariya su ce, "Baba, mota ba doki ba ce." Abin da yake nema shi ne mota ɗaya da za a gani a tasha a ce aikinsa ne. In bai samu ba, sana'ar gidansu ta ƙare a kansa.

Zamanin mulkin soja ne, bayan yunwar tamanin da huɗu. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin mai dukiya tsoron a gan shi yake yi. In ka fito da sabon abu za a tambaye ka inda ka samo, kuma ba a ƙofar gidanka za a yi tambayar ba. Ba na cewa komai na zamanin mugu ne. Ma'aikaci yana zuwa aiki kan lokaci, tituna a share. Sai dai tsoro ya sa wasu sun yi abin kunya.

Alassan ɗan wani babban ɗan kasuwa ne a garin. Ya sayo wata ƙaramar mota a Kutunu, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar kwale-kwale, irin ta tsere. Kafin ta shigo Gaya ya sa an shafe ta da fenti ruwan toka marar kyau, aka bar lotsawar ƙofa da gangan. Waje ya zama na talaka. Ciki yake so ya ƙawata.

Wata rana ya kira ni filin bayan gidansu in karanta masa takardar Faransanci da ta zo cikin kwalin sabon birki, tunda a makarantar mishan na yi karatu. A can na tarar da Isufu yana auna kujeru da taƙi.

"Mushe, faɗa wa Baba abin da takardar ta ce," in ji Alassan. Haka ake kirana a Gaya, wato malam da Faransanci.

Na karanta. Fatar birkin an haɗa ta da seramik, wato dangin tangaran. Ba ta ƙara, ba ta baɗa baƙar ƙura a taya, kuma ko ta yi zafi a gangara ba ta saki.

"Tangaran?" in ji Isufu. "To in ka gaji da shi ka aiko wa Hajjo, ta zuba miya."

"Baba, ba ka gane ba. Birkin Gaya duk kuka suke kamar jaki, kowa ya waiwayo. Wannan ko a gaban jandarma na tsaya, ba zai ɗaga kai daga shayinsa ba."

Birkin kam yana da kyau, na shiga motar daga baya, na shaida. Dalilin sayensa ne ya ƙona mini rai. Saurayi da lafiyarsa, ya kashe dukiya don kada a waiwaye shi!

Sai Alassan ya juya ga Isufu. "Sharaɗi ɗaya, Baba. Ka rantse ba za ka faɗa wa kowa kai ka yi aikin nan ba, sai na ba ka izini."

"Yaushe ke nan, ɗan Alhaji?"

"In abubuwa sun lafa. Ranar ni da kaina zan kai ta tasha, in buɗe ƙofa, in ce ga aikin Isufu."

Saboda wannan alkawari Isufu ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Ni ba a rantsar da ni ba, Alassan bai tuna ba.

Rani guda ya yi yana aikin. Ya cusa kujerun da audugar rimi, ya lulluɓe su da jar fata mai laushi kamar kuncin jariri, ya bi gefe da siririyar koriya. Sitiyari ya kitsa masa fata yadda ake kitsa linzami. A jikin ƙofofin ya zana adon sirdin ubansa, rufin kuma farar fatar tunkiya. In ka buɗe ƙofa, ƙamshin bagaruwa ne zai fara tarbarka. Na ga kujerun fata a gidan turawan mishan, na ga na manyan ma'aikata a Yamai, ban ga kamar wannan ba.

Hajjo ba ta san inda yake wuni ba. Ta kan leƙo ta katanga ta ce mini, "Mushe, abokinka kullum ya dawo hannu jajir. Ko mahauci ya koma ne, mu ba mu ga nama ba?"

Da aka gama, Alassan ya rufe komai da tsofaffin buhuna. Sai ya fita hanyar Doso ya yi nisa yake yaye su, ya yi gudunsa a daji, ya mayar kafin ya shigo gari. In ya wuce ta tasha direbobi su ce, "Ga ɗan Alhaji da akwalarsa." Isufu yana zaune a gefe da kayan aikinsa, sai ya sunkuyar da kai.

Ana nan sai aka ji wai wasu masu bincike za su zo daga Yamai. Bayan azahar Alassan ya aiko a kira Isufu, ni ma na bi shi. Mun tarar an hura wuta cikin rabin duro.

"Baba, cire fatar. Duka," in ji Alassan.

Isufu ya tsaya yana kallonsa. "Ka rufe da buhu, ai ba wanda ya gani."

"Su ɗaga buhu suke yi. Cire."

"To ka bar mini ta ƙofa ɗaya. In ajiye ƙarƙashin gado, ko bayan shekara in nuna wa direbobi."

"Ɗinkinka duk Gaya an san shi. A gani a tambaye ka, ka ambace ni."

"Ɗan Alhaji, na rantse fa."

"A gabana ka rantse, ba a gaban soja ba."

Na sa baki, na ce ni zan ɓoye ta a gidana, wa zai binciki tsohon akawu? Alassan ya ce in yi shiru, ba motata ba ce. Gaskiya ne, ba tawa ba ce. Isufu ya zaro wuƙarsa. Bai yaga ba, zare-zare ya riƙa warwarewa kamar mai shirin mayarwa, har Alassan ya gaji ya fizge ya jefa cikin wuta. Wanda bai taɓa jin warin jemammiyar fata tana ƙonewa ba, Allah ya sa kada ya ji.

Masu binciken sun zo. Rumbunan hatsi suka duba, suka koma. Ko ta ƙofar gidan su Alassan ba su bi ba.

Isufu ya koma wurinsa ya ce tunda aikin ya tafi, a ƙalla a sake shi daga rantsuwa. Alassan ya ce tukuna. Aka sake shugaba, aka yi zaɓe, sojoji suka dawo suka sake tafiya, amsar dai tukuna. A ganina kunyar tsoronsa yake ji, ya gwammace a manta. Da na gaji na je tasha na ba da labarin da bakina. Direbobi suka tafi wurin Isufu suka ce, "Baba, da gaske ne abin da Mushe ke faɗa?" Ya ce musu ba shi da ta cewa. Suka dawo suna yi mini dariya, wai tsufa ya fara kama ni, suka ci gaba da kai kujerunsu ƙetaren kogi.

Daga baya Isufu ya kwashe iyalinsa ya koma Tanda, yana noma, ranar kasuwa ya zauna gindin bishiya ya ɗinke takalma. Zuwana na ƙarshe na tambaye shi wanne cikin 'ya'yansa ya koya wa dukanci. Ya ce ko ɗaya. Babban yana lodi a tasha, ƙaramin yana sayar da fetur a kwalba.

Bayan sadakar bakwai Hajjo ta fito da jakar kayan aikinsa ta zazzage a tabarma, ta ce 'ya'yan su raba. Babban ya ɗauki wata lanƙwasasshiyar basilla, ya juya ta, ya tambaye ni ta mene ce. Ni ma ban sani ba, kuma duk wurin ba wanda ya sani.