Kukan Inji a Bakina

Ban taɓa hawan injin nan ba ko sau ɗaya, amma babu wanda ya wahalar kamar ni.

Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, lebura ne a haƙar kuza tun yana saurayi, har ranar da gefen rami ya rufto masa a ƙugu. Ya tashi, amma bai ƙara iya sunkuyawa ba, tafiya ma sai da sanda. Wani Baturen kamfani ya ɗauke shi aikin lambu a gidansa can bayan gari, ya ba mu ɗaki a baya. Filin ciyawar gidan ya isa a yi sallar idi. Abin da ya sa Malam ya iya riƙe shi, akwai injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa: ja ne, da kujera da sitiyari da 'yan tayoyi, wuƙa tana juyawa a ƙarƙashin cikinsa. Malam ya zauna, inji ya yi masa tafiyar, ya yi masa sunkuyon.

Da Bature ya koma ƙasarsu, gidan ya faɗa hannun wani babban ma'aikacin gwamnati, muna ce masa oga. Lokacin sojoji sun fara maganar miƙa mulki ga farar hula. Oga ba mugu ba ne, amma ba ya kwana-kwana.

Ya ce, "Baba, ni ban san inji ba, ciyawa na sani. In tana kwance, kuna nan. In ta tashi, ga masu langalanga can a bakin titi suna neman aiki."

To kun ji. Ɗakinmu da tuwonmu duk suna rataye a wuyan ƙarfe.

Malam ya kula da injin nan fiye da yadda ya kula da ƙugunsa. In ya gama yanka sai in kankare masa ɗanyar ciyawar da ta manne a ciki, don shi ba ya kaiwa. Ya wasa wuƙa da magagari, ya duba baƙin mai, ya goge fulogi, ya rufe inji da buhu saboda ruwan Jos ba ya sallama. Amma zamanin Bature, in abu ya lalace, sabo ne ke zuwa a kwali daga ƙasarsu. Yanzu babu kwali. Malam ba ya iya hawa bas, inji ba ya ɗaukuwa, makanikai kuma suka ce ba za su bar motoci su zo daji duba abin wasan Turawa ba. Sai ni.

In abin mai ciruwa ne, da sauƙi. Bel ya tsinke, na naɗe shi a gefen zane, na hau bas zuwa kasuwar Taminus, na taka zuwa Dilimi inda masu kayan gyara suke, aka gwada mini na injin markaɗe, na kawo gida, ya shiga. Wahalar ita ce ciwon da ba ya ciruwa. Wata rana inji ya dinga tari yana mutuwa. Malam ya kwance abin da zai iya, bai ga komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ke da kike yi wa yara kukan kura da na zaki a tatsuniya, zo ki saurari wannan. Ki kai musu shi yadda yake."

Na ce, "Malam, ni za ka mayar inji?"

Ya ce, "To ni zan je?"

Na tsuguna na saurara har ya zauna mini a kunne.

A Dilimi na tsaya shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan inji. Ya ce, "Mama, ina lambarsa?" Na ce lamba ta goge, ko ba ta goge ba ni ban yi boko ba, amma ga abin da yake yi. Na gyara murya na ce, "Drrrr, tuf, tuf, drrr, fyuuu, tak."

Wallahi layin nan kaf ya tsaya. Mai shago ya riƙe ciki yana dariya. "Mama, ka sake yi! Don Allah ka sake!"

Na ce, "Ni ce ka? Ka ga gemu a haɓata?"

Aka ƙara fashewa. Amma na sake, don ban zo da wani abin ba. Wani makanike daga ƙarƙashin mota ya ce datti ne a kafireto, a wanke da fetur a hura. Haka kuwa aka yi, inji ya tashi.

Daga ranar na zama abin kallo. Da na ɓullo sai a ce ga mama mai inji, yau wane waƙe aka zo da shi? Ko sun gane ciwon tun karon farko, sai sun kira na maƙwabta an taru, in sake, in kuma sake. Ni da in na buɗe baki a gidan biki mata ke ajiye ludayi su saurara, ni ce tsaye cikin baƙin mai ina tusar inji da leɓe, sa'o'in 'yan cikina suna tafi. Nakan haɗiye, in karɓi abin da na zo nema, in kama hanya.

Abin da na zo nema ɗin ma ba a samun na ainihi. Kullum sai a ce gwamnati ta hana shigo da kaya, sai dai a yi dabara. Fulogin babur muka sa masa. Boris, ƙarfen nan da wuƙa ke juyawa a kansa, ya cinye, aka ba ni na wani injin daban, ya yi sako-sako, Malam ya cusa gwangwani ya matse. Taya ta fashe har mai faci ya gaji, muka sa ta baro, inji ya koma tafiya a karkace kamar mai shi. Wuƙa ta daki dutse ta karye, mai walda ya haɗa, tun daga nan in ana yanka har haƙoran Malam rawa suke. Kowane gyara da sabon kukan da yake haifarwa. Ciyawa kuwa ba ta san an gaji ba, ka yanke ta yau, ruwa ya sauka, jibi ta ɗago kai.

A daminar ƙarshe wani kuka ya fito wanda ban taɓa ji ba, daga can ciki, kamar ana buga taɓarya a turmin da babu hatsi. Na ɗauke shi na kai. Aka taru kamar kullum. Na ce, "Ƙwan, ƙwan, ƙwan, drr, ƙwan."

Samari suka hau dariya. Akwai wani dattijon makanike, mutumin Birom, wanda ya yi aiki a injinan kamfanin kuza. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwa, hayaƙi fa?"

Na ce, "Shuɗi, kuma yana shan baƙin mai kamar koko."

Ya goge hannu ya ce, "Ki koma gida. Cikinsa ne ya cinye. Wannan babu a Jos, babu a Kano. Kada ki bari su ƙara sa ki yi."

Na iske Malam zaune a kan injin, bai tayar ba. Ya ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Sun ce ya gama."

Ya ce, "Na sani. Na so dai in ji daga bakin wani."

Na ce, "Ka sani ka aike ni? Ka sani ka bar ni na je na yi wa yara wasan biri?"

Ya sauko da ƙyar, ya ja buhu ya rufe inji. Ni kuwa na wuce ɗaki, don babu ƙarfin faɗa a jikina.

Inji ya ɗan ƙara lallaɓawa, sannan ya tsaya cak a tsakiyar fili. Na sayo langalanga na shiga ciyawar da kaina. In na kai wannan bangon, wancan ya tofo. Ina cikin haka matar oga ta fito, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Haba Mama, baƙi suna zuwa gidan nan. Sai a ce mun sa uwarmu aikin ƙato." Da ladabi ta faɗa, ta ma riƙe mini hannu, amma na gane sallama ce. Kafin wata ya mutu an kawo samari masu langalanga, an ba su ɗakinmu.

Muka koma cikin gari, unguwar Ali Kazaure, gidan ƙanena, tsakar gida duk siminti. Na kafa tandar waina a ƙofar gida, da ita muka ci har Malam ya rasu. Bai sake aiki ba. In an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana, yakan leƙo daga zaure ya dubi sama ya ce, "Yau da an yi yanka."

Sai in ce, "Wasu na yi. Turo mini itacen nan da sandarka, wuta za ta mutu."