Karan Gonar Bakin Rafi

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su tafi ba, ina saurayi a wani ƙauye kusa da Kiru, na jawo wa gidanmu magana: na ce Bafulatana nake so. Jikata ce ke rubuta muku wannan ina faɗa mata, don haka in kun ga an gyara mini zance, aikinta ne.

Bari in faɗa muku kamannina a lokacin don ku gane girman ƙarfin halin. Gajere ne ni, baƙi wuluk, ga hanci a baje kamar an taka shi. Ita kuwa doguwa ce, fara, in tana tafe da ƙwarya a ka ko girgiza ba ta yi. Har yau ban san abin da ta gani a jikina ba. Na taɓa tambayarta, ta ce ita ma tana nan tana nema.

Rugarsu a gonarmu ta bakin rafi take sauka duk kaka. In an gama girbin dawa, mukan kwashe kara mai kauri don danga da girki, mu bar musu ragowar. Shanu su ci, su bar mana taki. In karan ya ƙare sai su tashi su yi kudu neman ciyawa. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, gonar tana hannun mahaifiyata da ni. Yarinyar nan ita ke kawo nono gidanmu a musanya mata da dawa. Ni da ban damu da fura ba, shekarar nan na sha ta har cikina ya fara ƙorafi.

Da na furta, kowa ya ce a'a, amma ba iri ɗaya ba. Goggona ta toshe hanci ta ce ba za ta iya zama da warin man shanu ba, kuma mutanen daji ba su san mutunci ba. Kawun yarinyar ya tsare ni da ido a kasuwa, ya ce wa na kusa da shi ba za a ɓata musu jini da baƙin kaɗo ba. Kaɗo shi ne sunan da suke kiran wanda ba Bafulatani ba. Da Hausa ya faɗa, don in ji.

Mahaifiyata ba ta zagi kowa ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Ɗan nan, ba ni da abin faɗa a kan halin yarinyar nan. Amma su ba sa zama. Ranar da saniya ta yi kuka, za ta bi ta, ta bar ka da ɗaki." Mahaifin yarinyar kuwa, da muka aika liman, sai ya ce a bari sai sun dawo. Suka dawo, ya ce a ƙara bari. Sai da kaka ta sake zagayowa, ya ga daga ni har ita ba wanda ya sauya, sannan ya ce to.

Aka ɗaura aure, ta tare. Tsakaninta da mahaifiyata gaisuwa ce da ladabi, ba faɗa, ba hira. Tuwonta na farko duk gudaji ne. Mahaifiyata ta cinye rabonta tas, washegari ta kira ta madafa ta miƙa mata muciya.

Cikinta ya tsufa daidai da saukar rugar a gonarmu. Mahaifiyarta ta zo ta tafi da ita don haihuwar fari, mu kuma ba mu ga wani abu ba, domin mu ma haka muke yi. Ta haifi mace. Aka yi suna a ruga, na aika rago, ni kuma na ɓuya saboda kunyar 'yar fari. Mahaifiyata ta shiga shiri. Ta sa aka yi wa ɗakin matata sabon daɓe, ta sayi zanen goyo saƙi mai baƙi da fari, ta ninke shi ta ajiye a kan gadonta. A wurinmu in an yi arba'in mai jego ta gama wanka, sai a dawo da ita ɗakinta.

Arba'in ta zo ta wuce, shiru. Muka ce wataƙila suna shiri ne. Wata safiya na sauka gona, na tarar ba ruga. Sai turaku, da toka, da kashin shanu. Sun tashi da matata da 'yata, ba sallama.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Masu jaje suka fi na ranar rasuwar mahaifina yawa, kuma wasunsu ba jajen suka zo ba, kallo suka zo. Goggona ta ce, "Ai dama! Ka aika mata da saki tun da sauran mutuncinka, ko ka kai su gaban alƙali a ƙwato maka 'yarka." Mahaifiyata ce kaɗai ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa ɗin da ya fi mini sauƙi. Sai in shigo in same ta zaune da zanen goyon a cinya, tana gyara ninkin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa abinci ya daina wuce mini. Ina son matata, kuma 'yata sau ɗaya tak na hango ta, daga nesa.

Rannan da hantsi mahaifiyata ta fito da zanen a ƙunshe ta ce, "Ɗaura wa jaki kaya. Matarka kai ka sani, amma jikata zan je in ɗauko."

Muka kama hanya, ita a kan jaki, ni a ƙasa. Muka bi ta Tudun Wada, duk Bafulatanin da muka gamu da shi sai mun tambaya. Wannan ya ce gaba, wancan ya ce yamma, har ƙafafuna suka faffashe. A ƙarshe muka same su a gindin duwatsu wajen Doguwa. Matata na shanya ƙore a bakin bukka. Tana ɗaga kai muka haɗa ido, sai ta saki abin da ke hannunta ta faɗa ciki da gudu. Nan na ce a raina shi ke nan, auren ya mutu.

Surukina ya shimfiɗa wa mahaifiyata tabarma a inuwa. Ni na rakuɓe can gefe kusa da jakin. Aka kawo nono, ba ta ko kalle shi ba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da gajiyar hanya, sannan ta gyara zama.

"Baffa, in kun fasa ne, ku faɗa mana da baki. Ba a raba aure da gudu."

Ya ɗago da mamaki. "Fasa me, Inna?"

"Arba'in ta wuce tuni. Mun yi daɓe, mun share ɗaki, sai muka wayi gari ba ku."

"Arba'in ɗin me?"

Wallahi ba wasa yake ba, bai gane ba. Da ta yi masa bayani, sai ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Ya ce a zuriyarsu, 'yar da ta yi haihuwar fari a gidan ubanta take zama har ta yaye. Mijinta ba ya zuwa wurinta, ita ma ba ta yarda su haɗa ido. In an yaye, sai a haɗa mata ƙorenta da saniyarta a mayar da ita a matsayin cikakkiyar matar gida. Ya ce shi ya ɗauka duk duniya haka ake yi.

"To me ya hana ku faɗa?" in ji mahaifiyata.

"Haba Inna. Da wane bakin zan yi wa surukina maganar haihuwar 'yata?"

Sai mahaifiyar matata ta sa baki daga bayansa, a hankali. Ta ce ai ƙaninta, kawun nan na kasuwa, ya matsa a mayar mana da matata tun tana ɗanyen jego. Cewa ya yi tunda ta auri kaɗo, a yi mata irin na kaɗo, ta riga ta fita daga cikinsu. Maigidan ya ƙi. Ya ce abin da aka yi wa yayyenta shi za a yi mata, domin aurenta aure ne, mijinta kuma surukinsa ne. A kan haka kawun ya ware shanunsa ya yi gabas, har ranar ba su sake magana ba.

Surukina ya nuna wata karsana da ke ɗaure ita kaɗai. "Waccan ta jikarki ce. Tun ranar suna na ba ta."

Ina zaune kusa da jaki na ji idona ya cika. Abin da muka ɗauka kora ce, ashe karɓa ce. Mutumin nan ya rabu da ɗan'uwa a kaina, ni kuma ina gida ana ba ni shawarar alƙali.

Mahaifiyata ba ta iya barin magana a ciki. Ta ce, "Amma da fari ai ka ƙi shi."

"Na ƙi. Ba don baƙinsa ba. Bijimin da na fi so a garken nan baƙi ne." Ban san ko yabo ba ne, amma na karɓa. Ya ci gaba, "Na ƙi ne don ku ba kwa tashi. Duk shekara zan kora shanu in tafi, in bar ta a baya. Sauran 'ya'yana ina ganinsu a hanya. Ita kuwa sai in kara ya kawo ni."

Mahaifiyata ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ni kuma na ƙi ne don ku ba kwa zama." Ta jawo ƙwaryar nonon ta kafa kai.

Aka fito da jaririyar. Mahaifiyata ta buɗe fuskarta, ta yi salati, sai dariya ta kama ta har da hawaye. Fara ce sol kamar uwarta, amma hancin nawa ne, ba gyara. Surukina ya ce, yana kallon shanu, "Wannan kam naku ne, mun duba duk dangi ba mu samu irinsa ba." Ta kwance ƙunshinta, ta goya jikarta da zanen nan, ta yi ta zagaya ruga da ita tana mata wasa har la'asar. Daga nan ta sauke ta, ta ninke zanen, ta miƙa wa mahaifiyar matata ta ce a riƙa goya ta da shi.

Washegari da safe muka juya ba tare da su ba. Muna wucewa ta bayan bukka na ji muryar matata, ta juya mana baya tana magana kamar da iska: "A gaya wa mai jaki kada ya bari rufin ɗakina ya yi yoyo." Shekarar nan ba ɗakin da ya sha sabuwar ciyawa a garinmu kamar wannan.

Da kaka ta yi suka sauka a gonarmu kamar kullum. Matata na can ina hangenta, ba dama. Na zama mai yawan zuwa duba taki, har yara suka fara yi mini waƙa. Sai kakar da ta biyo baya aka yaye 'yar, aka kawo matata gida da guɗa, da ƙore jere a kan mata, karsanar nan ta zama saniya tana biye. Goggona ba ta zo ba.

Ranar da rugar za ta tashi a shekarar, surukina bai shigo sallama ba, kunya ba ta bar shi ba. Ni da mahaifiyata muna ƙofar gida muna kallo. Shanu suka wuce, mata suka wuce, shi ne na ƙarshe. Da ya zo daidai dangarmu sai ya tsaya ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa. Ya daɗe yana gyara ta, ga muryar 'yarsa da ta jikarsa suna fitowa daga tsakar gida. Sannan ya miƙe ya bi shanunsa, bai waiwayo ba.

Mahaifiyata ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ka ga abin da ya ji tsoro ke nan." Sannan ta ƙara, "Daga bana kada a sake kwashe kara ko ɗaya a gonar bakin rafi. A bar musu duka." Na ce danga fa, da girki? Ta ce in nemo a wani wuri. In karan ya yi yawa, shanu za su daɗe suna ci, shi kuma ya samu dalilin zama kusa da 'yarsa ba tare da ya roƙa ba.

Abin da ya tuno mini duk wannan, jikar tawa mai rubutun nan ce ta kawo wani yaro ɗan kudu, ubanta ya ce a'a. Ta zo tana kuka tana tambayata ko wannan ba ƙabilanci ba ne. Na ce mata ban sani ba tukuna. Na ga masu ƙi don raini, irin goggona da kawun nan, har suka koma ga Allah ba su ɗauki 'yata a hannu ba. Na kuma ga masu ƙi don tsoron rabuwa, su ne daga baya suka riƙe auren da hannu biyu. Daga nesa a'a ɗin duk iri ɗaya ce. Na ce ta je ta zauna da ubanta ta tambaye shi abin da yake tsoro, kada ta yi irin namu, da sai da muka tafi har Doguwa kafin mu tambaya.

Surukina ya daɗe da rasuwa, mahaifiyata ma haka. Matata ta bi su, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ba rugar da ke sauka a bakin rafi yanzu. Duk kaka yaran gidan kan zo su ce, "Baba, a kwashe karan nan mana, asara ake yi." Nakan ce su bar shi.