Barkar da Muka Kai wa Baba Yun

Wata Asabar ce ta watan Yuni, ina 'yar shekara tara, Mama ta tashe mu da sassafe ta ce mu yi wanka mu sa kayan coci, za mu je barka. Ƙanshin masa ya cika ɗan gidanmu na unguwar Glenwood, a ƙasar Turawan da muke zaune, har ya fita baranda. Kwana biyu ke nan talabijin na nuno shugabannin Koriya biyu, na Kudu da na Arewa, suna rungumar juna suna washe baki. Mama da ta gani sai ta tafa hannu ta ce, "Allah mun gode, Baba Yun zai ga ƙanwarsa." A wurinta magana ta ƙare. In alheri ya sami mutumin da kake hulɗa da shi, ba ka jiran aike, girki kake yi ka ɗauki ƙafa. Aka ɗora mini kwanon masa a cinya yana ƙona ni, yayana Bitrus na rungume da robar miyar taushe, Babanmu ya ja mota muka nufi McLeansville, ƙauyen da Baba Yun yake zaune.

Baba Yun dattijo ne a cocin 'yan Koriya da ke ara mana ɗakin sujada ranar Lahadi da yamma. A nan ya ji Babanmu, wanda ke tuƙa motar bas ta gari, yana ƙorafin hannunsa ya manta fartanya. Sai ya yanka mana fili a bayan gidansa ya ce mu noma. Kowace Asabar ta damina a can muke yini. Ɓangarenmu yakuwa ce da kuɓewa da gauta da masara, ɓangarensa kabeji da barkono, kunyoyinsa a miƙe tamkar da igiya aka ja su, namu kuwa duk sun karkace. Aikina cire ciyawa da jan tiyon ruwa, na Bitrus ɗaure gwangwanaye a jikin shinge don su kori barewa, barewar da ba ta taɓa jin tsoronsu ba. In manya suka juya baya mu yi langa a kan ciyawa, ko mu ɓalle masara ɗanya mu ci mu binne totuwar. Mun san labarinsa sama-sama. A Koriya ta Arewa aka haife shi, ya gudo Kudu da mahaifinsa lokacin yaƙi yana yaro, aka bar ƙanwarsa wurin kakarsu, kuma tun ranar ko wasiƙa ba ta shiga tsakaninsu ba.

Mun same shi a gona da takalman roba, yana tsince tsutsa daga kabeji. Mama ta rusuna ta yi masa murna da Turancinta, mu ma muka maimaita kamar yadda aka koya mana a mota. Ya dube mu, ya dubi kwanon, fuskarsa ta ɗaure. Matarsa ce ta fito da sauri ta karɓi abincin tana ta sunkuyawa. Shi kuwa ya buɗe baki ya fara, da Turancin da fushi ya ƙara kakkarya shi. Ya ce jam'iyyar da ke mulki a Kudu ta sayi hoto ne da shinkafa da kuɗin talakawa. Ya ce abincin da ake turawa Arewa, cikin sojoji yake shiga, yunwa na nan inda take. Ya ce sun daina ambaton mutanen da ke tsare a can don kada mai masaukinsu ya ɓata rai, kuma duk wanda ya ɗaga murya a gida sai su ce masa tsohon da ba ya son zaman lafiya. Abin da na riƙe daram shi ne na ƙarshe: "Hawayenmu suke so, don ya yi kyau a talabijin." Muka tsaya cikin rana da kayan coci kamar waɗanda suka kai guɗa gidan makoki.

A hanyar komawa Mama ta yi ta huci. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ake buɗe masa ƙofar zumunci yana tambayar wa ya riƙe makulli ba. Babanmu ya ce a bar shi, kowa da ciwon ƙasarsa, mu ma in aka taɓo namu shugabannin ai ba ma ji ba ma gani. Amma duk mun yanke hukunci ɗaya: girman kai ne ya hana shi sa sunansa cikin jerin masu neman gwamnati ta haɗa su da danginsu na Arewa, don kada a ce ya ci moriyar mutanen da yake zagi. Mama ta ɗaura ɗamarar karya wannan taurin kai. Kowace Asabar, bayan ta tambayi gajiya da iyali, sai ta ƙara da, "Baba, an sa suna kuwa?" Shi kuma ya kauce ya hau siyasa. Gaskiya na gaji da shi. Ina durƙushe ina cire ciyawa, yana tsaye a kaina yana lissafo laifuffukan ministocin da ban iya faɗin sunayensu ba, ni kuwa tunanina na wurin ruwan sanyi. Har kwaikwayonsa muke yi ni da Bitrus a cikin masara, hannu ɗaya a ƙugu, yatsa a sama.

Haka muka yi damina huɗu. A ta biyar, da kaka, muna zaune a inuwar rumfarsa muna taya shi shanya barkono, Mama ta sake jefo tambayarta. Wannan karon bai kauce ba. Ya ci gaba da baza barkono, ya ce ya sa sunan tun makon da muka kai masa masa. Ya sake turawa, ya sa ɗan ɗan'uwansa da ke Kudu ya bi sawu, ya yi fasfo sabo ya ajiye, ya sayi rigar sanyi ta mata bai ma san girman mai rigar ba. Ba wanda ya kira shi. Ya ce, "Ina zaginsu, ina jiran wayarsu." Mama ta rufe baki da gefen mayafinta. Ni kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don na tuna yatsan da nake ɗagawa a cikin masara. Daga ranar Mama ba ta ƙara tambaya ba, ni ma in ya hau faɗansa sai in tsaya in saurara.

Mulki ya juya daga baya, waɗanda yake goyon baya suka hau. Ya yi murna na ɗan lokaci, sannan murnar ta koma ciki, don su ma wayarsu ba ta zo ba. Ya rasu ina shekarar farko a jami'a, bai ga ƙanwarsa ba, bai kuma san ko tana raye ba. Yanzu filin an sayar, gidaje iri ɗaya sun jeru a inda muke noma, Babanmu ya koma shuka yakuwa a bokiti. Jam'iyyun Koriya ta Kudu na ta karɓa-karɓa, wannan ta hau ta miƙa wa Arewa hannu, waccan ta hau ta janye, masu suka na faɗin abin da Baba Yun ya faɗa kusan kalma da kalma. In na ci karo da labarin a waya ina cikin bas zuwa aiki, gajiya ce kawai ke sauko mini, ba na ma iya zaɓar ɓangare. Abin da ke cina daban ne. Shekara da shekaru muna zaune da shi a gona ɗaya, muna yi masa wa'azin zumunci, amma ba ɗayanmu da ya taɓa tambayarsa sunan ƙanwar tasa.