Sawu a Kan Silifa

Na fara sassaƙa hatimi ina cikin takaba. Ban taɓa yi ba kafin nan, kuma ba ni na nema ba. Ɗiyata ce, da za ta koma wurin aikinta bayan an watse zaman makoki, ta ɗauki wayata ta saka ni cikin wani zauren hira na waya. Ta ce kullum da safe akan turo kalma guda, kowa ya sassaƙa hotonta a jikin roba, ya shafa tawada, ya buga a takarda, ya turo a gani. Ta ajiye mini kilinar goge fensir cike da leda, da reza, da kwalbar tawada.

"Inna, ki riƙa yi. Zama hakanan ba shi da kyau."

"Wasan yara za ki aza ni?"

"Ko tsohi suna yi," in ji ta.

Ban yi niyya ba. Amma ni ba na son a ajiye aiki a gabana ya kwana. Sai na ba shi lokacinsa. In na yi asuba na gama lazimi, sai shara. Bayan shara kunu. Bayan kunu in buɗe waya in ga kalmar ranar. Da fari in zana da fensir, sannan in bi zanen da bakin reza, sannan in ƙwaƙule gefe. Abin da na fara ganewa shi ne, inda aka ƙwaƙule ba ya taɓa takarda, fari yake fita. Inda aka bari shi ke ɗaukar tawada.

Na yi buta, na yi albasa, na yi tsani. 'Yan zauren suna yabawa, ba na amsawa. Ba daɗin aikin nake ji ba, ba kuma ƙin sa nake ba. Haka komai yake a lokacin. Mata masu zuwa gaisuwa daga cikin Ƙofar Kware suna kallon idona ko za su ga hawaye. Babu. In an ce in yi haƙuri, in ce na gode. In an kawo tuwo, in ci.

Akwai silifan maigidan na alwala a ƙofar ɗakinsa, kusa da buta, inda ya cire su ranar da aka tafi da shi asibiti. Shuɗaye ne, sun tsufa. Tafin ƙafarsa ya ci robar har ya yi gurbi, wurin diddige da yatsu ya koɗe ya yi fari. Kullum in na zo nan da tsintsiya sai in ɗaga su, in share, in mayar. Ban taɓa tsayawa a kansu ba.

Wata ranar Laraba ƙanen maigidan ya zo daga Dundaye. Tun ina amarya muke wasa da shi. Ya zauna a bakin zaure, ya ce gobe bayan azahar zai zo da mota a kwashe kayan mamaci a kai gidan babban wansu, a can za a yi rabon gado. Ko allura ba za a bari ba.

Na ce, "Ka bar mani silifan alwalanai."

Ya waiga ya dube su.

"Yaya, duk kayan gidan ga, silifa kig gani? Ga firij, ga agogo. Ke dai tun can ba ki iya zaɓe ba, shi yas sa kib bar ni kid ɗauki tsoho."

Ban yi dariya ba. Shi ma sai ya bari.

"Ba ni da iko," ya ce. "Hakkin magada na. Sai an raba, in sun hwaɗo wurinki, to."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san haka. Da wata ce ta roƙa, ni ma abin da zan gaya mata ke nan. Na ce Allah Ya kai mu.

Da safe na yi shara, na ɗaga su, na mayar. Na sha kunu. Na buɗe waya. Kalmar ranar ita ce sawu.

Na ɗauki kilina na ajiye. Na tashi na ɗauko silifan dama. Na tura maɗaurin ta ƙasa ya fita. Na jiƙa tsumma da tawada na bi saman robar gaba ɗaya. Na shimfiɗa takarda a kan faifan tangaran, na kifa silifan, na danna da tafin hannu biyu. Sannan na ɗaga.

Gefen ya fito baƙi ƙirin. Tsakiya kuwa, inda ƙafarsa ta cinye, bai taɓa takarda ba. Ga diddige fari, ga babban yatsa a karkace yadda yake, ga sauran a jere. Na zauna ina kallo. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Kaza ta shigo tsakar gida, na kore ta.

Daga nan na kai silifan bakin rariya da soso da sabulu, don kayan magada ne, dole in mayar yadda na same su. Na goge har hannuna ya gaji. Tsohuwar roba ta riga ta sha tawada. Koɗewar nan da ke nuna ƙafar ta ɓace, ya zama baƙi ɗaya. Na mayar da maɗaurin, na ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.

Bayan azahar mota ta zo. Aka fitar da gado, da akwatuna, da littattafai. A ƙarshe ƙanen maigidan ya sunkuya ya ɗauki silifan. Ya juya na daman a hannunsa.

"Mi yas sami wanga?"

"Tawada."

"Ta wasan nan naku na waya?"

"Ita."

Ya duba tafin hannunsa, ya ga ya ɗan yi baƙi.

"To wa za ya amshi wanga cikin rabonai? Riƙe. Ni gaya ma Yaya babba a sa su cikin naki."

"Ka gaya mai yadda anka yi."

"Ni gaya mai."

Ya ajiye su inda suke, ya fita. Ɗakin ya zama fanko.

Takardar ban tura ta zauren ba. Da la'asar na sassaƙa sawun kaza a kilina, shi na tura. Ɗiyata ta kira ta ce ya yi kyau, na ce to.

Silifan suna nan ƙofar ɗakin. Na daman, ido ba ya ganin ƙafar a jikinsa, sai an sa hannu a ji gurbin. Ina ɗaga su, in share, in mayar.

Kalmar washegari cokali ce. Na sassaƙa cokali.