Jan Ruwa a Rariyar Malam Audu

Har gobe ban manta da ranar da na tarar ana wanke irin masara a wani gida a Zoza ba. Lokacin ina malamin gona a Rogo. Ku sababbin shiga aiki, ku buɗe kunne.

Irin da gwamnati ke rabawa ana cuɗanya shi da maganin ƙwari, shi ya sa yake ja. Na shuka ne, ba na ci ba. A ƙa'ida yakan iso kafin ruwan shuka. A waccan shekarar sai da aka gama noman farko sannan motar ta iso.

Na ce wa ogana, "Ranka ya daɗe, shuka ta wuce. A ajiye sai baɗi."

Ya ce, "Daga sama aka ce a raba, a turo hoto."

Muka raba, muka ɗauki hoto.

Abin da ban yi tunani ba shi ne rumbuna wayam suke. Da kaka manoma sun sayar da hatsi da arha, 'yan kasuwa suka kwashe suka kulle a sito. Ga masara jibge a kasuwar Rogo, amma kwano ɗaya ya fi ƙarfin wanda ya noma ta.

Kwana uku da rabon, na je wajen Malam Audu, wani dattijo da nake duba wa gona. Muna gaisawa a ƙofar gida sai na ga jan ruwa na fitowa ta rariya.

"Baba, me ake wankewa a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. "Irin da kuka raba ne. An yi masa wanki uku, Malam. Ai jan ya fita."

"Innalillahi! Jan ne ya fita, gubar tana nan! An kai niƙa?"

"Yanzu za a kai."

Na sa aka fito da buhun. Bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi, "To ka karɓe. Jikoki shida ne a ciki. Me zan gaya musu?"

Na aiko masa da gero daga gidana. To sauran gidajen fa? Kwana huɗu ina kan babur, gida-gida, limamai na sanarwa a masallatai. Wasu buhunan na samo su. Wasu aka ce ba a san zancen ba, kuma wallahi har yau abin na cina.

Saboda haka kafin ku miƙa wa mutum iri, ku tambaya ko an ɗora tukunya a gidansa jiya. Mai jin yunwa ba iri yake gani ba, tuwo yake gani.