Waken da Ya Kusa Zama Alale

Har in mutu ba zan manta ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Talata ba, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zariya. Mu uku ne a ɗakin ajiyar iri na gonar bincike a Samaru: ni mai riƙe da makulli, da Dakta mai aikin wake, da maigadi. Buhu ɗaya ya ɓace.

Ba kowane buhu ba ne. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa maƙwabciya cewa za mu ba su sabon irin wake mai jure fari. Jakadansu yana hanya, da azahar za a miƙa masa. Shekaru Dakta ya yi yana tace irin nan, kuma babu wani buhun.

Ni mutum ne mai bin tsari. Da farko na duba ƙofa, ba a fasa ba. Sannan na tambayi maigadi wa ya shigo. Ya ce, "Malam, sai dai Mama mai abinci, jiya da leburori ke shara. An ce mata ta ɗebi waken da za ta yi wa baƙi alale."

Dakta ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Mama ba ta da waya. Na hau acaɓa muka bi ta Palladan zuwa gidanta a Sabon Gari. Da aka ce ta tafi injin ɓarza tun sassafe, na ce wa ɗan acaɓa ya kai ni can da gudu.

Na same ta a layi, zaune kan buhun tana fifita. An ɗauke wuta tun asuba, ba a ɓarza wa kowa ko ƙwaya ba.

"Mama, wa ya ce ki ɗauki wannan?"

"Haba ɗana! Baƙo ya taso daga wata ƙasa in ba shi mai ƙwari? Mai kyan na zaɓa. Kai dubi idonsa mana!"

Ina ɗaure buhun a babur aka kawo wuta, inji ya tashi. Muka kama hanyar Samaru.

Jakada ya karɓi irinsa, ya ci alalen waken kasuwa har ya nemi ƙari.

Mama ba ta yi laifi ba, babu wanda ya gaya mata. Manya suna sa hannu a Abuja, amma maganar tana iya ƙarewa a bakin inji. Mai karatu, ina roƙonka, in an damƙa maka amanar aiki, ka tara kowa, har mai dafa abinci, ka gaya musu abin da ke cikin buhun.