Ganguna Uku Masu Tsabta

Na fi shekara ashirin ina sayar da ganguna a Sabon Gari, na ƙarfe da na roba. Ban yi boko ba, amma in na buɗe ganga na sa hanci, zan gaya maka abin da ta taɓa ɗauka: manja, fenti ko sabulu.

A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Zariya, babbar 'yata tana digiri na biyu a Samaru. Aikinta shi ne ta zuba kashin shanu da ruwa a ganga, ta toshe, ya ruɓe ya ba da iskar da za a kunna a yi girki. Su huɗu ne a wannan binciken, ita kaɗai mace, kuma gurbi ɗaya ne na mataimakin malami, wanda aikinsa ya fi shi za a ba.

Ita ta kawo min abokan karatunta ciniki. Mazan uku na ba su gangunan manja, duk maiƙo. Ita kuwa na shiga can ciki na zaɓo mata shuɗaye uku na roba, sumul. Na san maganin wanke asibiti aka kawo a cikinsu. Na ɗauraye sama-sama, a raina ina cewa 'ya mace za ta yi ta cuɗa kashi, gara abin da zai rage mata wari.

"Baba, me suka ɗauka?" in ji ta.

"Ke da ubanki wa ke wannan sana'a? Ɗauki ki tafi."

Bayan mako uku na mazan suka kama wuta. Nata shiru. Ta sake kwaɓi, ta je har Shika ta ɗebo sabon kashi, shiru. Duk Asabar in ta zo gida sai na ga ta ƙara ramewa. Ta ce wani dattijo mai kula da kayan aikinsu yakan tsaya a kanta ya ce, "Malama, yau ma ɗanyen tuwo za mu ci? Ai ni na ɗauka wuta ta san mata."

Wata Asabar muna cin abinci uwarta ta tambaye ta yadda abin yake aiki. Ta ce wasu halittu ne da ido ba ya gani suke cin kashin su fitar da iskar. "Ba su da ƙwari, Mama. Ko ɗigon maganin kashe ƙwayoyin cuta ya taɓa su, sun mutu."

Nan na tuna da gangunan da na ba ta. Na san roba, tana shan magani ta riƙe shi wata da watanni.

Kwana huɗu ban faɗa wa kowa ba. Na taɓa tsayawa ina kallon gobara tana cin layin bayan shagona, ban ji tsoro irin wannan ba. Mai saye ya yi magana, in ba shi wata amsa daban. In na yi shiru, za a rubuta cewa ta kasa, kuma duk yarinyar da ta zo bayanta da ita za a yi mata misali. In na faɗa, ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba. Saura kwana tara su miƙa sakamako.

Ran Alhamis na loda gangunan manja uku a akori-kura na nufi Samaru. Na same ta a bayan sashensu tsugune gaban tiyo da ashana a hannu, mazan da dattijon nan suna gefe. Na ce a kira min malaminsu. Da ya fito, na faɗi komai a gabansu, da ƙarfi, don kada wani ya ce bai ji ba.

Malamin ya sa aka zubar da ɗaya daga cikin gangunanta, ya sunkuya ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba. Ita ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, da ka ba ni irin wadda ka ba su."

Malamin ya ƙara mata mako shida, ta sake kwaɓi a gangunan manjan. A na huɗu wuta ta kama, shuɗiya, ta aiko a gaya min. Amma takardar gurbin ba ta jira ba, an riga an sa sunan ɗaya daga cikin mazan. Sai da ta yi shekara biyu tana koyarwa a wata sakandare a Bomo kafin wani gurbin ya buɗe ta shiga. A shekara biyun nan kullum ta zo gida tana durƙusawa ta gaishe ni yadda ta saba, ni ne dai ba na iya haɗa ido da ita.